Abin da Na Shuka a Saman Bene

Litinin, bayan asuba

Na kira salla, na dawo, ban shiga ɗaki ba sai da na hau sama na duba su. Bokitan fenti uku a bayan tankin ruwa, inda babu mai hawa sai ni da 'yata Muhsinat. Sun kawo mini ƙirji yanzu. Da suna ƙanana, mutum zai iya cewa rama ce. Yanzu babu mai yarda.

Matata Afra'u ta sha rabin kofin koko. Bai dawo ba. Alhamdu lillahi.

Litinin, bayan la'asar

Muhsinat ta dawo daga makarantar koyon jinya, ko hijabi ba ta cire ba ta ja ni sama, ta buɗe mini waya. Wani bature ne da hannuwa duk zane yana lanƙwasa reshe.

"Papa, ganyen da muke tsinka ba ya da ƙarfi, shi ya sa Maman ta koma amai. Furen muke so. Kuma sai an wahalar da su kafin su ba da na kirki."

Na ce, "A wahalar da su kamar yaya?"

Ta ce a tanƙwara rassan a ɗaure, a rage musu ganye, a hana su ruwa sai sun fara yaushi. Wai idan shukar ta ji tana cikin haɗari, sai ta tattara duk ƙarfinta. Ni ban san gaskiyar wannan ba. Na dai sauko na ɗauko zaren da nake sayarwa a shago, baƙi, na ɗinkin wando, na hau na ɗaure su kamar yadda baturen ya yi.

Ni Abdurrashid, ladanin masallacin layinmu a Zongo, mai sayar da zare da maɓalli. Bari in rubuta yadda aka yi, ko zan gane da kaina. Tun da aka fara yi wa matata ƙarin ruwan maganin ciwon daji a asibiti, abinci ya daina zama a cikinta. Ta rame har zobenta ya zame ya faɗa cikin kwano. Wata rana Muhsinat ta shigo da ƙullin takarda. Da na gane ko mene ne, na ɗaga murya irin wadda ban taɓa ɗaga mata ba. Ta shiga madafa ta dafa shi cikin shayi. A ranar uwarta ta ci tuwo, ta nemi ƙari. Da na tambaye ta inda ta samo, sai ta ce bayan tasha. 'Yata, da hijabinta, a bayan tasha, cikin mutanen nan. Na ce ba za ta sake zuwa ba. Akwai 'ya'yan ganyen a cikin takardar. Ni na shuka su.

Afra'u ta ɗauka ganye ne daga wani mai magani na Gana. Haka muka gaya mata.

Laraba, da hantsi

Ban ba su ruwa ba. Na tsaya da buta a hannu, na juyo da ita cike.

Alhamis, bayan azahar

Ganyen ya sunkuya. Muhsinat ta ce haka ake so, in ƙara haƙuri. Ni tausayinsu nake ji, kuma kunyar wannan tausayin nake ji.

Rahinatou ta hawo ta matsa wa Afra'u ƙafafu. Matar Alassani ce, mai zemijan ɗin nan, wato acaba, ɗan Sokode da ke haya a ɗakin gindin matakala. Cikinta ya tsufa, amma kullum sai ta hawo. Na ji su suna dariya a kan wata mai sayar da kifi da ta yi faɗa da mijinta a kasuwa. Na daɗe ban ji dariyar Afra'u ba.

Asabar, bayan la'asar

Sun fara wari.

Lahadi, da safe

Ba ƙaramin wari ba ne. Idan iskar ruwan sama ta taso sai ya gangaro matakala ya zauna a tsakar gida. Na ƙona turaren wuta a bakin ƙofarmu, Afra'u ta fara tari, na kashe. Na taɓa furen, ya bar mini danƙo a yatsa. Na wanke da sabulu, na sake wankewa, kafin in taɓa Alƙur'ani. Ina cikin karatu ina shinshina hannuna.

Talata, bayan magariba

Yayana Alhaji Usaini ya tsayar da ni a zaure. Shi ne babba a gidan tun rasuwar mahaifinmu, shi ke karɓar 'yan haya.

"Abdurrashid, hancinka na aiki kuwa?"

Na ce mura nake fama da ita.

"To nawa na aiki. Wani na shan wiwi a gidan ubanmu. Jiya abokan ciniki suka zo mini daga Jijole, ɗaya ya dube ni yana murmushi. A gidan da ake sauke Alƙur'ani duk azumi!"

Na ce, "Subhanallahi."

Shi ke nan abin da na ce. Subhanallahi.

Laraba, da hantsi

Na ja bokitan zuwa ɗaya kusurwar, na kafa tsohuwar tabarma ta tare iska. Reshe ɗaya ya tsage a hannuna. Muhsinat ta naɗe shi da filasta, ta ce zai haɗe, har ma ya fi da ƙarfi. Ta ce saura kaɗan, kada in taɓa su yanzu, in ba haka ba duk wahalar ta tashi a banza.

Afra'u ba ta ci komai ba sai ruwan lemo.

Jumma'a, bayan an sauko

Alhaji ya tara mazan gida a zaure. Ban san ya riga ya yanke ba sai da na ga inda ya zaunar da Alassani, a ƙasa, a tsakiya.

Ya ce warin daga wajen matakala yake fitowa. Ya ce ku dubi idonsa. Alassani ya ce, "Alhaji, wuni nake kan hanya, hayaƙin mota ne da rana. Wallahi ko sigari ban taɓa sa wa a baki ba." Ya ce a kawo Alƙur'ani ya dafa. Alhaji ya ce ba za a ba mai irin wannan hannun Littafin Allah ba.

Sai ya juyo gare ni. "Ladan, kai ne malaminmu a gidan nan. Yi masa nasiha kafin in faɗi nawa."

Na yi.

Ban san yadda zan rubuta wannan ba. Na buɗe baki maganar ta fito da kanta, don na saba da ita. Na ce duk abin da ke gusar da hankali haramun ne. Na ce ƙofar tuba a buɗe take. Na kawo aya. Alassani yana dubana, ni ina duban tabarma. Da na gama ya kira ni da sunan da suke kiran malami, ya ce, "Na gode, Alfa." Alhaji ya ba shi zuwa ƙarshen wata ya nemi wani wuri.

Jumma'a, bayan isha'i

Na gode, Alfa.

Asabar, da safe

Muhsinat ta ji. Ta same ni a sama ina kwance zaren da ya shige cikin reshe.

"Papa, c'est pas juste. Kai ma ka san ba daidai ba ne. Matarsa ta kusa haihuwa."

Na ce ta rage murya.

"Ni zan je in gaya wa Baba Alhaji. Ni na fara kawowa."

Na kama hannunta. Na ce idan magana ta fita, jandarma za ta kai. Za a kore ta daga makaranta. Babu gidan da zai zo neman aurenta a Zongo, daga nan har Agowe. Na ce uwarta ba za ta iya ɗaukar wannan ba a halin da take. Duk abin da na faɗa gaskiya ne. Amma akwai wanda ban faɗa ba: ina tunanin lasifikar masallaci, da yadda mutane ke tashi su ba ni wuri.

Ta zare hannunta. "To ka shayar da su yau. Sun wuce yaushi, mutuwa suke."

Lahadi, bayan azahar

Ɗaya ta mutu. Na wuce gona da iri wajen hana ta ruwa. Na tumɓuke ta, na yayyanka, na cusa cikin buhun gawayi. Saura biyu.

Talata, da hantsi

Na fito za ni shago, Alassani na goge babur a ƙofar gida. Ya gaishe ni kamar kullum. Ya tambayi jikin Hajiya Afra'u. Ya ce in akwai maganin da za a sayo a gari in faɗa, hanyarsa ce. Na ce babu, na gode. Na bi ta bayan masallaci don kada in sake wucewa ta gabansa.

A shago na ba wata mata zif ja a maimakon kore, ta dawo tana faɗa.

Laraba, bayan la'asar

Magana ta bar gida. Matan layi da yake kai wa kaya kasuwa sun daina kiransa. 'Yan zemijan da ke tsayawa gefen masallaci sun ce kada ya sake ajiye babur a wurinsu, wai zai jawo musu 'yan sanda. Liman ya ce mini, "Na ji ka yi ƙoƙari a kansa. Allah ya saka." Na ce amin.

Alhamis, da safe

Mun yanke ɗaya. Muhsinat ta rataye ta cikin tsohon kwabet ɗin da ke sama. Ba ta yi mini magana sai abin da ya zama dole.

Asabar, bayan azahar

Afra'u ta tambaya me ya hana Rahinatou hawowa. Na ce nauyin ciki ne. Ta dube ni.

Litinin, bayan la'asar

Muhsinat ta dafa na sabon. Ni na kai kofin. Afra'u ta karɓa, ta shinshina, ta ajiye a kan kujera.

"Malam, zauna."

Na zauna.

"Rahinatou ta hawo ɗazu kana shago. Sallama ta zo yi mini. Tana kuka tana rantsuwa mijinta ba ya sha, kamar ni ce zan yanke hukunci." Ta huta, numfashinta ba ya kai mata doguwar magana yanzu. "A bakin tashar motocin arewa na girma, uwata na sayar da wake da shinkafa. Kana tsammani ban san warin nan ba? Tun kofin farko na sani."

Na ce, "Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Na ga kana jin kunya, na ce bari in rage maka. Kuma ina so in ci abinci. Wannan tsakanina da Ubangijina ne, shi ya san abin da ke cikin jikin nan. Amma yaron mutane ba ya ciki."

Na ce ta sha tukuna, ma yi magana. Na ce an sha wahala kafin a samu wannan, ya fi na da ƙarfi, zai taimaka mata.

"Ɗauke shi. Ba zan sha abin da aka kori mai ciki a kansa ba."

Talata, bayan asuba

Ba ta sha ba.

Laraba, bayan asuba

Ba ta sha ba. Ta yi amai har babu abin da ke fitowa. Na riƙe mata kwano. Na ce gobe zan yi magana. Ta ce, "Jiya ma ka ce gobe."

Muryata ta shaƙe a tsakiyar kiran salla. Na ce wa liman sanyi ne.

Alhamis, da hantsi

Su Alassani sun tafi. Bai jira ƙarshen wata ba. Na leƙo daga sama na ga an ɗaure katifa a kan wata tsohuwar mota, Rahinatou a gaba ta rungume tukunya. Alassani ya bi su a baya da babur. Ban sauko ba.

Alhamis, bayan la'asar

Na je na ce wa Alhaji ya zo ya ga wani abu. Da ƙyar ya hau saboda gwiwa. Na janye tabarmar.

Ya daɗe a tsaye. Ya dubi shukar da ta rage, da baƙin zaren da ya ɗaure rassanta. Ya san zaren, a shagona matarsa ke saye.

"Kai?"

Na ce ni ne. Ni kaɗai. Na gaya masa dalili.

Ya zauna a kan bulo, ya cire hula, ya share kai. Na jira ya zage ni. Bai zage ni ba. Ya ce, "Me ya hana ka zuwa wurina tun farko?" Sannan ya ce, "Tumɓuke ta yanzu. Kuma maganar nan ta mutu a nan. Yaron ya riga ya tafi, ba dawowa zai yi ba. Sunan babanmu ne a ƙofar gidan nan, ba naka kaɗai ba."

Na tumɓuke ta a gabansa. Ina saukowa na ji wani sauƙi ya sauko mini, kamar an sauke mini buhu. Na faɗa, ai. Na faɗa wa babba, babba ya ce a yi shiru.

Na gaya wa Afra'u haka. Ta ce, "Wa aka kunyata a zaure, Alhaji ko Alassani?" Ta juya ta fuskanci bango.

Jumma'a, da safe

Muhsinat ta goge mini farar riga ba tare da na ce ba. Na ce mata duk abin da za ta ji yau, sunanta ba ya ciki, kuma kada ta kuskura ta sa shi. Ta ce, "Oui, Papa." Idonta ya cika.

Jumma'a, bayan la'asar

Na faɗa. A masallaci, bayan an yi sallama, kafin mutane su tashi.

Asabar, bayan azahar

Ba zan rubuta duka ba. Wasu sun fita tun ban gama ba. Wani tsoho da muka yi makarantar allo tare ya kama kafaɗata ya matse. Wani kuma ya ce a kira hukuma, liman ya ce a bar masa maganar. Daga baya ya kira ni gefe ya ce in huta da kiran salla tukuna, har a ga yadda hankalin jama'a zai kwanta. Na miƙa masa makullin akwatin lasifika.

Alhaji bai amsa gaisuwata ba da safe.

Shago babu kowa sai masu zuwa kallo. Mace ɗaya ta sayi allura, ta tsaya tana dubana kamar za ta ga abin a fuskata.

Har yanzu babu wanda ya zo daga hukuma. Duk babur da ya tsaya a ƙofar gida sai na leƙa in ga ko su ne.

Afra'u ta sha rabin kofi. Ta ci ablo guda, wainar masarar nan da ake turarawa, da ɗan miya.

Litinin, bayan magariba

Wani ɗan zemijan ya ce mini Alassani yana Adidogome, yana tsayawa kusa da kasuwa wajen masu sayar da katako. Na shiga mota na tafi. Na yi ta zagaye cikin rana kafin in hango shi zaune a kan babur yana cin gyaɗa.

Ya gan ni, bai sauko ba. "Alfa."

Na ce na zo ne in gaya masa wani abu. Ya ce ya riga ya ji, labari ya riga ni isowa. Na ce duk da haka zan faɗa da bakina, na faɗa. Na ce ya yafe mini. Na ce zan roƙi Alhaji ya mayar masa da ɗakinsa.

Ya zubar da ɓawon gyaɗar. "Ranar da na hau gyara igiyar shanya na gan su, tun suna ƙanana. Na san don Hajiya ne. Ko Rahinatou ban gaya wa ba."

Sai ya ƙara da cewa:

"Alfa, da ka zo ɗakina ka ce, Alassani, ɗaukar mini wannan saboda mara lafiya, wallahi da na ɗauka. Na ɗauka ma ai. Amma ka zaunar da ni a ƙasa ka karanta mini aya." Ya kau da kai. "Wannan ne ba ya fita mini."

Na tambayi Rahinatou. Ya ce ta sauka shekaranjiya, mace, a ɗakin ƙanwar uwarsa, su da yawa a ciki. Ya ce ba za su koma Zongo ba. Game da yafiya ya ce, "Ka ba ni lokaci. Ba zan yi maka ƙarya in ce na yafe yau ba."

Na juya zan nemi mota. Hadari ya haɗu, motocin duk a cike. Na tsaya bakin hanya ina ɗaga hannu babu mai tsayawa. Sai na ji babur a bayana.

"Hau."

Na hau, muka kama hanya. Ruwa ya kama mu a tsakiya, bai tsaya ba. Da muka iso bakin layinmu ya taka birki, bai shiga ba. Na sauko na miƙa masa kuɗin hanya. A da ko na yi rantsuwa ba ya karɓa daga hannuna. Ya karɓa, ya sa a aljihu, ya ce a gaida Hajiya, ya juya.

Na hau sama a jiƙe. Afra'u na jingine da matashi, Muhsinat na ba ta shayi da cokali. Na gaya musu duka, har maganar ayar, ban rage komai ba. Afra'u ta saurara ido a rufe.

"Shi ya kawo ka?"

"Shi ne. Amma iyakarsa bakin layi."

Ta buɗe ido. "Daga Adidogome zuwa bakin layi ba kusa ba ne, Malam. Je ka canza riga kada ka kwanta mana kai ma."